Yadda Ake Bin Bakin Teku Zango-Zango da Mota Mai Ɗaki, Daga Tawa Zuwa Kwatano Har Axim

Mu ƴan Adar mun daɗe da sanin bakin teku, amma ta hanyar bida muka san shi. Ɗan Tawa zai yi shekara goma a Abijan ko Lome ko Kwatano yana talla, yana gadi, yana fiton kaya daga tashar jiragen ruwa, ya dawo gida bai taɓa zama awa guda a kan yashi yana kallon ruwan ba. Direbobinmu kuwa kwana biyu suke yi su cinye hanyar Kwatano, ido a kan kwalta, zuciya a kan lodi. Tafiyar da zan bayyana a nan wata iri ce daban. Mota ce mai shimfiɗa da murhu da ruwa a cikinta, wadda masu Faransanci ke kira kampin-kar, ka ɗebi iyalinka, ku bi gaɓar Benin da Togo da Gana a hankali, yau nan gobe can, kamar yadda fatake ke yada zango a hanyar Gwanja. Kalmar Zongo da za ka tarar a kowane birnin gaɓar, daga wannan zangon nasu ta samo asali, kuma za ka ga amfaninta tun daren farko.

Mataki na farko: zaɓi wata, ka ware kwanaki

A gaɓar nan damina biyu ake yi. Babbar tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Lokacin da ya fi dacewa da wanda zai kwana a mota shi ne Disamba zuwa Fabrairu: ruwan sama ya ɗauke, hanyoyin ƙasa sun bushe, iskar hunturu tana ɗan kaiwa can ta rage laima. Ka dai sani a kwanakin wajen 10 ga Janairu ana bikin gargajiya na Vodun a Wida, garin kan cika maƙil, wurin ajiye mota ya yi wuya. In ba ka son cinkoso, ka wuce ta kafin bikin ko bayansa.

Daga Kwatano zuwa Axim, kusa da iyakar Gana ta yamma, kilomita ɗari shida da ƴan kai ne. Mai sauri zai yi shi a kwana biyu. Kai ka ba shi kwana goma sha huɗu, ka ƙara da kwanakin zuwa da dawowa, gaba ɗaya ka ware wata guda. In kwana goma kawai gare ka, kada ka matse tafiyar duka a cikinsu. Ka tsaya a Benin da Togo, ka bar Gana sai wata shekara.

Mataki na biyu: yadda za ka isa teku

Nan ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa. Hanyar da muka saba ita ce Tawa zuwa Ƙonni, Ƙonni zuwa Doso, Doso zuwa Gaya, a haye gadar kogin Kwara a shiga Malanbil, sannan Kandi, Faraku, Dassa, Bohicon, Kwatano. Daga Tawa kimanin kilomita 1,300 ke nan, daga Yamai kuma dubu da ɗan abin da ya hau. Sai dai a ƙarshen Yulin 2023 gadar Gaya ta shiga rufi, mutane suka koma ƙetarawa da kwalekwale, mota kuwa ba ta shiga kwalekwale. Saboda haka kafin ka sayi ko ƙusa guda ta gyaran mota, ka je tasha ka zauna da direbobin da suka dawo a makon nan, su gaya maka wace iyaka ke buɗe ga mota da wace hanya ke da lafiya. Labarin wata uku da suka wuce ba ya aiki a wannan sha'ani.

Akwai masu bi ta Nijeriya, su fita ta Ƙonni da Illela zuwa Sakkwato, su gangara kudu. Hanyar Burkina zuwa Lome kuwa, wadda manyan motoci ke bi da rakiyar soja, ban yarda mutum ya sa mata da yara a cikinta don yawon buɗe ido ba. Arewacin Benin ma, yankin da ke maƙwabtaka da dajin W, ya sha hare-hare a ƴan shekarun nan. In ka bi ta can, tafiyar rana kawai, kwana cikin gari, babu yada zango a daji sai ka wuce Faraku.

In hanyoyin duka ba su kwanta maka a rai ba, akwai mafita mai kyau: ku hau jirgin sama daga Yamai zuwa Lome, ka nemi motar a can. Ai daman yawancin motocin da muke hawa daga tashoshin ruwan Lome da Kwatano suke fitowa. Ka yi hayar bas na wata guda ta hannun ɗan gari da ka amince da shi, ka sa kafinta ya haɗa maka gadon da ake cirewa, a gama tafiya a mayar wa mai mota da abinsa.

Mataki na uku: mayar da bas ɗaki

Kampin-kar ɗin Turai da aka ƙera da banɗaki da komai ba ta da yawa a ƙasarmu, kuma in ta lalace kayan gyaranta sai an jira. Abin da na fi ba da shawara shi ne Toyota Hiace mai dogon baya, domin babu garin da za ka shiga daga Tawa har Takoradi da ba za ka sami bakaniken da ya san cikinta ba. Mai shan gazuwal ta fi, kuma in da hali a sami mai dogon rufi, saboda durƙuso na wata guda yana karya baya.

Ka bar kujerun gaba da layi ɗaya na baya, yadda kowa zai sami wurin zama da bel. Sauran a cire. Mai walda ya yi maka firam na ƙarfe mai tsayin kamar santimita 45 daga ƙasa, a ɗaure shi da kusoshi a ramukan da kujerun suka bari, kafinta ya shimfiɗa katako a sama, ka ɗora katifa. Ƙarƙashin gadon shi ne rumbunka: akwatunan roba masu murfi, kowane da abin da ke cikinsa a rubuce. Wanda ke Yamai zai sami ƙarfe da katakon duka a kasuwar Katako. Kada ka yarda da gadon da aka aje kawai ba a ɗaure ba, ranar da ka taka birki da ƙarfi zai biyo ku gaba. Sannan ka je ofishin sufuri ka tambaya ko canjin yawan kujeru yana buƙatar gyara a kartigiriz, don kada takarda ta ce mutum goma sha biyar, jandarma ya leƙa ya ga gado.

Abin da ɗan Sahel ba ya tsammani shi ne zafin gaɓa. Namu zafin busasshe ne, ka watsa ruwa ka kwanta a tsakar gida ka yi barci. Nasu mai ɗanko ne, gumi ba ya bushewa, kuma mota a rufe da mutum huɗu a ciki tukunya ce. Don haka tagogi biyu masu fuskantar juna su sami raga mai hana sauro, a ɗinka ta da maganaɗisu ko zif yadda za ka bar gilashi a buɗe duk dare. Ƙofar baya ma a yi mata labulen raga. Ka sa fanka biyu ƙanana masu aiki da batir, ka riƙe sange mai magani na kowa da kowa, domin wani daren a tabarma za ku kwana a gindin mota. Rumfa ta tamfol da sanduna biyu, wadda ake ɗaurawa a gefen rufi, ita ce zaurenku da rana.

Wuta kuma kada ka jingina ta da batirin injin. Ka sa batir na biyu mai ƙarfin Ah 100, da allon sola na wat 200 a rufi, da na'urar da ke daidaita caji tsakaninsu. Wannan zai riƙe fanka, fitilu, cajin waya da ƙaramin firigo. A sa fiyus a kowace waya, kuma mai wutar mota na gaske ya yi aikin. Tukunyar gaz ta kilo 6 ta isa girki, amma a waje ake kunna ta kullum, ko da ana yayyafi, a ƙarƙashin rumfa. Gawayi ko gaz a cikin rufaffiyar mota yana kashe mutane cikin barci ba tare da sun farka ba. Bakin tukunyar gaz ba iri ɗaya ba ne a ƙasashen nan, don haka ka tafi da taka a cike, da murhun gawayi na ko-ta-kwana.

Ruwa: bido huɗu na lita 25, biyu na sha da girki, biyu na wanka da alwala, kowane da alamarsa. Sai kayan ceto, waɗanda ba na yarda a bari: taya biyu na safaya, jak da katakon da za a ɗora shi a kan yashi, shebur, igiyar ja, famfon iska mai aiki da batir, ma'aunin iskar taya, alwatika biyu na gargaɗi, abin kashe gobara, da akwatin magani. Kafin tashi bakanike ya duba birki, kulos, lagireto, bel da man giya. Da ka gama haɗa komai, ku kwana biyu a motar a bakin tafkin Tabalak. Duk abin da ka manta, a can zai bayyana, gida yana kusa.

Mataki na huɗu: takardu

Na mutane: fasfo mai sauran kwana ga kowa, har yara, da katin rigakafin shawara, wato karne mai ruwan ɗorawa. Allurar sai ta kwana 10 kafin ta fara aiki a takarda, amma sau ɗaya ake yi a rayuwa. In yaro ba naka ba ne, ka riƙe takardar izinin iyayensa. Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, saboda haka ka leƙa ofishin jakadancin kowace ƙasa a Yamai ka tabbatar da sharaɗin shiga na yanzu.

Na mota: kartigiriz, takardar bizit, lasisin tuƙi da na ƙasa-da-ƙasa, da asirans. Ka gaya wa kamfanin asirans sunayen ƙasashen uku ɗaya bayan ɗaya, su nuna maka a rubuce cewa takardar tana aiki a can. In ba ta yi, a iyaka ake sayen ta ƙasar. In motar ba da sunanka take ba, sai da takardar wakilci mai hatimin hukuma. A kowace iyaka duwan za su ba ka lesefase, izinin shigar mota na ɗan lokaci. Ka karanta kwanakin da aka rubuta tun kana gaban teburin, ka duba lambar mota da ta shasi ko an rubuta daidai, ka roƙi kwanakin da suka fi abin da kake buƙata. Kowace takarda a yi mata kwafi biyu, ka kuma ɗauki hotonta a waya. Duk kuɗin da ka biya, ka nemi rasit cikin ladabi.

Kuɗi bai da wahala a Benin da Togo, sefarmu ce suke ci. Gana kuwa sidi ne da Turanci. Don lissafin mai, Hiace mai lodi takan sha lita 10 zuwa 12 a kilomita ɗari, tafiyar kuma zuwa da dawowa daga Tawa ta kusa kilomita 4,000. Ka lissafa lita 450, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin tafiyar gaba ɗaya a wani aljihu da ba a taɓawa. A gidan mai za ka sha, ka bar na kwalba da ake jerawa a bakin hanyar Benin.

Guzuri kuma ka riƙe tukuɗi, shinkafa, albasar Galmi, yaji da kayan shayi. Kilishi kaɗan za ka ɗauka. Na ga wanda muka kai Kwatano yana ƙaras-ƙaras, kwana uku ya yi laushi kamar tsumma, ranar na biyar fumfuna ta hau shi. Komai busasshe a sa shi a roba mai murfi.

Mataki na biyar: tsarin yini

Ƙa'idata uku ce, kuma a kansu tafiyar ta tsaya. Kada tuƙin yini ya wuce kilomita 100. A isa masauki kafin la'asar. Duk wurin da ya yi daɗi a kwana biyu. Bayan asuba a sha shayi, a zaga bakin ruwa kafin rana ta ɗaga, a tashi wajen ƙarfe tara, a sauka kafin azahar ko jim kaɗan bayanta. Tuƙin dare babu shi sam.

Wurin kwana mafi sauƙi shi ne harabar ƙananan masaukai na bakin ruwa. Ka shiga ka ga mai wurin, ka ce da motarka za ka kwana, kana son wurin ajiyewa da banɗaki da ruwan wanka, ku yi ciniki. Da yawa suna yarda, kuma akwai mai gadi. A ƙauye kuwa, ka nemi mai gari ka gaishe shi kafin ka sauke ko tabarma. A birni ka doshi Zongo, ka yi salla a masallaci, ka gabatar da kanka ga liman ko sarkin Zongo. A Kwatano haka na yi, wani dattijo ya tambaye ni, "Ɗana, daga ina?" Na ce, "Daga Tawa, Baba." Ya ce, "To ka zo gida. Shigo da motar nan ciki, a waje ba a barin baƙo." Abin da ba a yi shi ne kwana a bakin teku inda babu kowa, komai kyawun wurin.

Mataki na shida: zangunan Benin, da sanin halin teku

A Kwatano ka ajiye motar wuri guda, domin ƴan zemijan, wato masu kabu-kabu, masu rigar ɗorawa sun cika titi, tuƙin baƙo a cikinsu wahala ce. Ka ware yini guda ku je Abomey-Calavi ku hau jirgin ruwa zuwa Ganvié, garin da aka gina a kan turaku a tsakiyar tafkin Nokoué, inda kasuwa ma a kwalekwale take ci.

Daga unguwar Fidjrossè hanyar masunta ta fara, wadda ake kira Route des Pêches, kimanin kilomita 40 zuwa Wida, teku a hagunka, itatuwan kwakwa a jere, tafki a dama. Ɓangaren da ke kusa da Kwatano kwalta ne, gaba kuma ka tambayi masu babur halin da take ciki kafin ka shiga. Wannan kilomita 40 ta cancanci yini guda cur. In ka ga mutane ashirin ko talatin sun yi layi suna jan igiya daga cikin ruwa suna waƙa, ka tsaya. Taru ne suke ja, kuma yakan ɗauki awanni. Na ƙarshen layi yana naɗe igiya, wanda ya kai baya ya sake komawa gaba ya kama, ƙafafu sun nutse a yashi, jiki ya kwanta baya. Mata na zaune da manyan kwanoni suna jira. Ka yi sallama ka kama igiyar tare da su, in taru ya fito ka sayi kifinka a nan, yana motsi. Hoto kuwa sai ka nemi izini.

A Wida akwai hanyar bayi, kimanin kilomita 4 daga cikin gari zuwa bakin ruwa, inda aka gina Ƙofar Rashin Dawowa a 1995. Ku taka ta da ƙafa da safe. Cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa zuwa Bahiya ta Barazil akwai Hausawa, kuma bayi Musulmi sun yi bore a can a 1835. Ka gaya wa yaranka wannan a wurin, suna ganin ruwan da idonsu.

Grand-Popo, kimanin kilomita 45 gaba, nan ne zan ce a kwana uku. A ɗauki kwalekwale a kogin Mono zuwa Bouche du Roy, inda kogin ke shiga teku. A nan ne kuma na koyi darasin yashi. Na matsa da mota don mu ga ruwa daga gado, tayoyin baya suka nutse har gindi, na ƙara wuta suka ƙara nutsewa, ruwa kuma yana matsowa. Masunta takwas ne suka fitar da mu. Abin da suka yi shi ne abin da za ka yi: a daina ba da wuta, a sauke mutane da kaya masu nauyi, a haƙe gaban tayoyi da shebur, a rage iskar taya zuwa kamar rabi, a shimfiɗa ganyen kwakwa ko katako, a fita a hankali da giya ta biyu, a mayar da iska da an hau ƙasa mai ƙarfi. Wanda ya fi wannan shi ne ka taka wurin da ƙafa kafin ka sa taya.

Teku tana cikowa tana janyewa sau biyu a yini, don haka inda ka gani busasshe da azahar yana iya zama ruwa da dare. Ka duba layin da ciyayi da tarkace suka taru a yashi, ka ajiye mota can sama da shi sosai. Kada ka ajiye ta a gindin kwakwa mai ƴaƴa, guda ɗaya in ta faɗo ta isa fasa gilashi ko allon sola, balle kan yaro.

Maganar wanka kuwa ina roƙonka ka ɗauke ta da gaske. Wanda ya iya iyo a tafkin Tabalak ko a kogin Kwara bai iya wannan ruwan ba. Gaɓar nan tana da igiyar ruwa mai ja zuwa ciki, raƙuman ruwan suna faɗowa da ƙarfi a kan gangare, yashi yana zarewa daga ƙarƙashin ƙafa. Kowace shekara tana cin mutane, har da ƴan gari. Manya su tsaya iya gwiwa, yara iya idon sawu kuma hannunsu a hannun babba, kada kowa ya juya wa ruwa baya. In igiya ta ja mutum, kada ya yi kokawa da ita ya nufo tudu kai tsaye, ya bi gefe, tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta, na tudu kuma su kira masunta maimakon su faɗa.

Salla ba ta da wuya a nan. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Alƙibla kuma, ka sa teku a damanka ka ɗan karkata hagu, gabas maso arewa, ka tabbatar da masallacin gari ko kamfas. Matafiyi yana ƙasaru, amma a mazhabarmu ta Malikiyya in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda, sai ka cika.

Mataki na bakwai: Togo da Gana

Daga Grand-Popo zuwa iyakar Hillacondji kimanin kilomita 20 ne. Da ka haye, ka mayar da agogo baya da awa guda, Togo da Gana suna bayanmu da awa ɗaya. Gaɓar Togo duka ba ta kai kilomita 60 ba. Ka tsaya a Aného ka ga tsofaffin gidaje da duwatsun da aka jibge don tare teku, domin ruwa ya daɗe yana cin ƙasar nan. Daga Agbodrafo ana haye tafkin Togo da kwalekwale zuwa Togoville, inda aka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa a 1884. A Lome ka cika gaz da ruwa, ka sayi nama a hannun mahautan Zongo.

Iyakar Aflao a bakin birnin Lome take. Ka je da sassafe, a ranar aiki, ka ware mata rabin yini, ka yi hulɗa da masu kaki a cikin ofis kawai. Canjin kuɗi kaɗan za ka yi a nan, ka ƙirga a gaban mai canji, ka sayi layin waya na ƙasar.

Daga Denu ka bar babbar hanya ka bi ta Keta, siririyar ƙasa tsakanin teku da babban tafki, inda ragowar ganuwar Prinzenstein ta 1784 take, wadda teku ta cinye sashenta. Ka koma ka haye kogin Volta a gadar Sogakope, ka gangara Ada Foah inda kogin ke haɗuwa da teku, a kwana biyu. Akkara, wadda kakanninmu ke ce wa Ankara, cinkosonta yana da yawa, amma a Nima da Sabon Zongo Hausa za ka yi ta ji, ka sha koko da ƙosai da safe, ka ci waakye, shinkafa da wake ke nan, sunan ma namu ne. Ka yi Juma'a a babban masallacin Kanda da aka buɗe a 2021, ka fita garin da asuba kafin hanya ta toshe.

Daga nan zuwa Cape Coast kimanin kilomita 150 ne, ka raba shi biyu da kwana a Winneba. Elmina tana gaba kaɗan. Ganuwarta Turawan Fotugal suka gina a 1482, Holandawa suka ƙwace a 1637, kuma tana cikin ganuwoyin Gana da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihi na duniya a 1979. Ku shiga ɗakunan ƙasa da aka tsare bayi, da ɗan jagora, ku fito ku zauna a kan gadar da ke kallon ɗaruruwan jiragen masunta masu fenti da tutoci. Ranar Talata masunta da yawa a gaɓar nan ba sa fita ruwa, ka sayi kifinka tun Litinin. Dajin Kakum yana kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast, da gadojin igiya a saman itatuwa, ga wanda ba ya jin jiri. Bayan Takoradi sai Dixcove da Busua, sannan Axim. A wuraren cin abinci na bakin hanya ka tambayi irin naman kafin a zuba, ko ka tsaya ga kifi da kenke, wato tuwon masararsu.

Sauro a gaɓa ba shi da rani. Kafin tashi ka ga likita a kan maganin rigakafin zazzaɓi, musamman don yara da mai ciki. Duk wanda jikinsa ya yi zafi, a kai shi gwaji a ranar, ko da tafiyar za ta tsaya. Sharar ku kuma a leda, a zubar a gari, ruwan wanke-wanke nesa da rijiyar mutane.

Mataki na ƙarshe: kafin ka juyo

Iskar teku gishiri ce, kuma tana cin ƙarfe. Duk kwana huɗu ko biyar ka wanke motar da ruwan daɗi, ka goge allon sola, ka shafa giris a kan batir da maƙullan ƙofa. Ranar da za ka bar gaɓa, ka kai ta wurin wanki a ɗaga ta a wanke ƙarƙashinta sosai, a canza man inji da matatar iska, a shanya katifa a rana yini guda. Ka duba kwanakin lesefase na kowace ƙasa, ka tabbatar duwan sun buga hatimin fita a kowace iyaka, ka ajiye kwafin. Sannan ka kira direbobin tashar nan da ka zauna da su tun farko, ka ji halin da hanyar gida take ciki a makon, kafin ka juya kan mota arewa.